Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Ɗaukar Masu Digirin Jinya Aiki da Rabon Kuɗin Kiwon Lafiya a Birnin Bauchi

1.0 Gabatarwa

Akwai wasu koke-koke guda biyu da ake yawan ji a birnin Bauchi, kamar yadda ake jin su a sauran biranen Arewacin Nijeriya, waɗanda idan aka dube su sama-sama sai a ɗauka ɗaya yana ƙaryata ɗaya. Na farko kukan majinyata ne da 'yan'uwansu, cewa asibitoci ba su da isassun ma'aikatan jinya, har takan kai ma'aikaci ɗaya ya kwana yana kula da ɗaki guda cike da marasa lafiya. Na biyu kuwa kukan matasa ne da suka kammala karatun jinya, suna riƙe da takardar shaida da lasisi, amma sun rasa wurin aiki. Irin wannan hali shi Bahaushe yake kira ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Manufar wannan muƙala ita ce ta bayyana yadda aka yi waɗannan koke-koke biyu suka zama gaskiya a lokaci guda. An ɗauki unguwar Ɗan Iya ta cikin birnin Bauchi a matsayin madubi, saboda mazauninta ba ya buƙatar barin gari kafin ya sami kowane ɗaya daga matakan asibiti guda uku da ake da su a ƙasar nan, wato ƙaramin asibitin unguwa da asibitin gwamnatin jiha da kuma asibitin koyarwa na tarayya. Muƙalar za ta nuna cewa tushen matsalar shi ne rabuwar iko da aljihu. Hannun da ke tsara karatun jinya yana bayar da lasisi daban yake da hannun da ke buɗe gurbin aiki ya biya albashi, kuma babu wata doka da ta tilasta wa hannuwan biyu su yi tafiya tare.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani gadan-gadan, ya kyautu a tantance wasu kalmomi da jama'a kan cuɗanya. A bakin mafi yawan Hausawa, duk wanda ya sa fararen kaya a asibiti ko dai likita ne ko nas ko malamin asibiti. A wajen hukuma kuwa sunayen sun bambanta.

Ma'aikacin jinya, wato nas, shi ne wanda ya yi karatun kula da majinyaci, ya ci jarrabawar hukumar da ke kula da sana'ar, aka yi masa rajista. Ungozoma a nan ana nufin ta asibiti, wadda ta sami horon kula da mai ciki da karɓar haihuwa, ita ma da rajistarta, saɓanin ungozomar gargajiya wadda ta gaji sana'ar a gida. Akwai kuma jami'in lafiyar al'umma, wanda yake fitowa daga kwalejin kimiyyar lafiya irin wadda ke Ningi. Shi ne aka fi tararwa a ƙananan asibitoci, kuma hukumar da ke yi masa rajista daban take.

Su kansu ma'aikatan jinya hanya biyu suke bi. Wasu sukan shiga makarantar koyon jinya, kamar Kwalejin Aliko Ɗangote ta gwamnatin jiha da ke Bauchi. Wasu kuwa sukan shiga jami'a su yi shekara biyar su fito da digiri. Waɗannan na biyun su ake nufi da masu digirin jinya a cikin wannan muƙala.

3.0 Asalin Sa Idon Gwamnati a Kan Sana'ar Jinya

Sa idon hukuma a kan wannan sana'a ya faro ne tun zamanin Turawan mulkin mallaka. A shekarar 1930 aka kafa hukumar kula da ungozomomi, sannan a 1947 aka kafa ta ma'aikatan jinya. Dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979 ita ta haɗe su wuri guda, aka sami Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Nijeriya. Karatun digiri kuwa Jami'ar Ibadan ce ta fara shi a 1965, daga baya sauran jami'o'i suka bi sahu.

Aikin wannan hukuma a fili yake. Ita ke tantance makarantu, ta ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka, ta shirya jarrabawa, ta bayar da lasisi, ta kuma hukunta wanda ya saɓa wa ƙa'idar aiki. Tsarin Mulkin 1999 ya sanya tsara sana'o'in ƙwararru a cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka lasisin da ke hannun ma'aikaciyar jinya a Ɗan Iya daidai yake da na takwararta a Legas ko Fatakwal.

Abin lura a nan shi ne, wannan hukuma ba ta ɗaukar kowa aiki a asibiti, ba ta kuma biyan albashin kowa a can. Iyakarta ta tabbatar wa jama'a cewa wane ya cancanci ya taɓa majinyaci. Batun ko zai sami majinyacin da zai taɓa ɗin, wannan yana hannun wasu hukumomi na daban, kamar yadda za a gani a nan gaba.

4.0 Tafarkin Mai Digirin Jinya Zuwa Aiki

Domin a fahimci inda gizo ke saƙar, a ɗauka wata yarinya daga Ɗan Iya ta sami gurbin karatun jinya a jami'a. Bayan shekara biyar za ta fito da digiri, ta kuma ci jarrabawar hukumar sana'a. Daga nan sai shekarar horon sanin makamar aiki a wani asibitin da aka amince da shi, wadda majalisar tsara ma'aikatan gwamnati ta ƙasa ta amince da ita ga masu digirin jinya a 2016. Bayanta sai shekarar bautar ƙasa, wadda aka ƙirƙiro tun 1973. Ke nan sai ta shafe aƙalla shekara bakwai kafin ta nemi aiki na dindindin, in har babu yajin aikin jami'a ko jiran gurbi a tsakani.

4.1 Shekarar Sanin Makamar Aiki

A wannan mataki ne ake fara samun cunkoso. Horon wajibi ne, amma guraben yin sa ba su da yawa, domin ana biyan mai horon albashi, kuma asibiti ba ya ɗaukar fiye da abin da kasafinsa zai iya ɗauka. Mafi yawan guraben suna asibitocin tarayya. A Jihar Bauchi fitattun su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda asalinsa asibitin ƙwararru na jiha ne kafin tarayya ta karɓe shi a 2010, da kuma asibitin tarayya da ke Azare. Da yake kowane asibiti shi ke zaɓar nasa, sai neman gurbi ya zama fafutukar kowa tasa ta fishe shi. Likitoci sun daɗe suna fama da irin wannan, har aka mayar da rabon gurabensu hannun hukumar sana'arsu a 2021. Neman a yi wa ma'aikatan jinya irin wannan tsari yana cikin buƙatun da ƙungiyarsu ta ƙasa ta gabatar a yajin aikin gargaɗi da ta fara ranar 30 ga Yulin 2025, ta janye bayan 'yan kwanaki.

4.2 Aiki na Dindindin

Idan ta tsallake wannan siraɗi, ta kuma gama bautar ƙasa, sai ta tarar da ƙofofi uku. Ƙofar asibitin tarayya ba ta buɗuwa sai da izinin ofishin shugaban ma'aikata na tarayya, da tabbacin ofishin kasafi cewa akwai kuɗin, da kuma amincewar Hukumar Raba Daidai. Ƙofar asibitocin jiha tana hannun hukumar gudanar da asibitoci ta jiha, ita kuma sai gwamna ya ba da izini. Ƙofar ƙananan asibitoci tana hannun hukumar kiwon lafiya matakin farko ta jiha. Kowace ƙofa da makullinta, kuma shugaban asibitin da ke ganin ƙarancin ma'aikata da idonsa ba shi ke riƙe da ko ɗaya daga cikin makullan ba.

5.0 Matakan Asibiti Uku da Aljihunsu

Tsarin lafiya na ƙasa da aka fitar a 1988, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, shi ya shimfiɗa rabon da ake bi. Gwamnatin tarayya ta ɗauki manyan asibitocin koyarwa, jihohi suka ɗauki asibitocin gama-gari, ƙananan hukumomi kuma aka bar musu kiwon lafiya matakin farko. Tunanin ya samo asali ne daga taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa lafiyar jama'a daga tushe ake gina ta.

Sai dai kuma rabon arzikin ƙasa bai bi wannan tunani ba. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Wato matakin da aka ɗora wa nauyin mafi yawan majinyata shi ne mafi ƙarancin ƙarfi. Daɗin daɗawa, sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, wanda ya sa kuɗin ƙaramar hukuma yake bi ta hannun jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Tun kafin wannan, a 2011, majalisar lafiya ta ƙasa ta amince da tattara kiwon lafiya matakin farko a ƙarƙashin hukuma guda a kowace jiha, domin a rage rarrabuwar iko.

5.1 Bambancin Albashi

Tsarin albashin ma'aikatan lafiya da gwamnatin tarayya ta fitar yana aiki ne kai tsaye a kan ma'aikatanta kaɗai. Kowace jiha takan duba aljihunta ta yanke abin da za ta iya biya. Sakamakon haka, ma'aikatan jinya biyu da suka zauna aji ɗaya, suke kuma zaune a unguwa ɗaya, sukan karɓi albashi mabambanci saboda ɗaya tana asibitin tarayya ɗaya tana na jiha. Ba sai an faɗa ba, duk wadda ta sami dama za ta koma inda aka fi maiƙo. Ta haka ne ƙauye ke rasa ma'aikaci ya koma birni, asibitin jiha ya rasa nasa ya koma na tarayya. Wannan ƙaura ta cikin gida ba a cika yin maganarta ba, alhali ita ta fi shafar talakan karkara.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanci mai digiri. Matakin albashin da ake ɗaukarsa a kai ya fi na jami'in lafiyar al'umma, don haka hukumar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba takan ga ya fi mata sauƙi ta ɗauki jami'an al'umma. Manufar miƙa wasu ayyuka ga ƙananan ma'aikata, wadda aka fitar a 2014, ta ba su damar yin wasu ayyukan da a da na nas da ungozoma ne. Manufar ta taimaka inda babu kowa, amma ta kuma rage matsin da zai sa a buɗe wa mai digiri gurbi.

5.2 Gini da Ma'aikaci

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Kasafin tarayyar Nijeriya bai taɓa kaiwa nan ba, yawanci yana tsakanin kashi 4 zuwa 6. Jihar Bauchi kuwa tana cikin jihohin da suka kai wannan mizani a takarda a wasu shekaru. Amma ware kuɗi a kasafi daban, sakinsa daban. Haka kuma akwai bambanci tsakanin kuɗin manyan ayyuka da na albashi. Ginin asibiti sau ɗaya ake biyansa, kuma ido yana ganinsa ranar buɗewa. Ma'aikaci kuwa nauyi ne na kowane wata har tsawon shekara 35, ga kuma fansho a bayansa. Wannan ne ya sa gwamnatoci suka fi saurin yin gini a kan ɗaukar wanda zai zauna a cikinsa.

6.0 Yunƙurin Cike Giɓi

Gwamnatin tarayya ta sha ƙoƙarin tsallake wannan shinge. A 2009 ta ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara, ta hannun hukumar kiwon lafiya matakin farko ta ƙasa wadda aka kafa a 1992. An ɗebo kuɗin ne daga rarar yafe bashin da aka yi wa Nijeriya a 2005. Yarjejeniyar ita ce tarayya ta biya kowace ungozoma naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ƙara 10,000 tare da ba da masauki. Shirin ya kai ungozomomi wuraren da ba su taɓa ganin irinsu ba. Amma jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su riƙa cika nasu alkawarin a kan kari ba, ungozomomi da yawa kuma suka bar wuraren. Darasin da ke ciki shi ne, tukunyar da aka ɗora a kan duwatsun murhu uku, in ɗaya ya goce sai ta tuntsure.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta zo da wani asusu na musamman, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta raba shi kamar haka: kashi 50 ga inshorar lafiya, kashi 20 ga magunguna da allurar rigakafi, kashi 15 ga gyaran asibitoci da kayan aiki da sufuri, kashi 10 ga bunƙasa ma'aikata, kashi 5 kuma ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin, kimanin naira biliyan 55. Idan aka yi la'akari da wannan rabo za a ga cewa asusun yana iya sayen magani ya gyara rufi, yana iya horar da ma'aikaci ko ɗaukar na wucin gadi, amma albashin dindindin yana nan a wuyan jiha.

Haka abin yake ga tallafin masu ba da agaji. A 2014 Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya kan allurar rigakafi da Gidauniyar Bill da Melinda Gates da Gidauniyar Ɗangote da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, bisa sharaɗin kason jiha ya riƙa ƙaruwa na masu agaji yana raguwa. Rufe wannan hukuma ta Amurka a 2025 ya tuna wa kowa cewa kayan aro ba ya rufe katara.

7.0 Fita Ƙasashen Waje

Wanda ya rasa gurbi a gida, ko ya samu amma albashin bai riƙe shi ba, sai ya fara hangen waje, musamman bayan faɗuwar darajar naira daga 2023. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar jinya na lokacin, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, Nijeriya ce ta zo ta uku a cikin ƙasashen da baƙin ma'aikata suka yi karatu, bayan Indiya da Filifin. Wannan kuwa duk da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Nijeriya cikin ƙasashe 55 na jerinta na 2023 waɗanda bai kamata a shiga ana zawarcin ma'aikatan lafiyarsu ba.

Martanin gwamnati ya zo ta fuska uku. Na farko, a wannan wata na Fabrairun 2024 hukumar jinya ta fitar da sabuwar ƙa'ida cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance masa takardunsa ga wata ƙasa. Ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai kuma ta nemi a dakatar da ƙa'idar. Hujjar masu zanga-zangar mai sauƙi ce: ta yaya za a nemi shaidar aikin shekara biyu daga wanda ba a ba shi aikin ba? Na biyu, a watan Agustan 2024 shugaban ƙasa ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan asalin Misau ta Jihar Bauchi, ya gabatar. Na uku, an faɗaɗa guraben karatu, inda a 2025 ministan ilimi ya sanar cewa yawan ɗaliban jinya da aka yarda a ɗauka a shekara ya tashi daga 28,000 zuwa 115,000.

Idan aka lura, matakin farko da na uku sun faɗa ne a kan ƙofar fita da ƙofar shiga, wato wuraren da ikon tarayya yake kaiwa. Ɗakin da ke tsakanin ƙofofin biyu, wato gurbin aiki a asibitin jiha ko na unguwa, yana nan yadda yake. Matuƙar ba a faɗaɗa shi ba, ƙarin ɗalibai zai ƙara tsawon layin masu jira ne nan da 'yan shekaru. A ɗaya ɓangaren kuma buƙatar tana nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa aka yi a hannun ƙwararren ma'aikaci, kuma mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000, lamarin da ya fi tsanani a Arewa.

8.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarancin ma'aikatan jinya a asibiti da zaman kashe wando na masu digirin jinya reshe biyu ne na bishiya guda. An ga cewa tarayya ce ke tsara karatu da lasisi, alhali mafi yawan guraben da ake buƙata suna ƙarƙashin jiha, wadda rabonta daga asusun ƙasa bai kai nauyin da ke kanta ba. An kuma ga cewa shirye-shiryen cike giɓi sun fi ƙarfi wajen magani da gini da ma'aikatan wucin gadi.

Bisa ga wannan, akwai abubuwa uku da suka cancanci a duba. Ya kamata hukumar da ke ƙayyade yawan ɗalibai ta riƙa zama da jihohi domin a daidaita guraben karatu da guraben aiki. Ya kamata a tattara rabon guraben sanin makamar aiki wuri guda, a kuma shigar da asibitocin jiha cikinsa da tallafin tarayya. Sannan ya kamata majalisar dokokin jiha, idan ta zo duba kasafin lafiya, ta riƙa tambayar ma'aikata nawa suka yi ritaya ko suka tafi a shekarar da ta wuce, nawa kuma aka ɗauka a madadinsu. Ga mazaunin Ɗan Iya, amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita za ta nuna ko matarsa za ta tarar da ungozoma a bakin aiki idan naƙuda ta kama ta da tsakar dare.